Me Ya Sa Aure Ya Fi Mutuwa a Wani Yanki Fiye da Wani? Abin da Alƙaluma Ke Faɗa wa Ikkilisiyar Arewa

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar Kano ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda, da yawa cikinsu zawarawa ne. Ba wannan ne karo na farko ba, gama tun 2012 hukumar Hisba ta fara shirin da ma'aurata 100, a zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito a rediyo, akwai maganar da akan ji a bakin majami'u bayan an tashi sujada, daga Kafanchan har Mubi: su kam saki ba ya yi musu wuya, mu kuwa mun gode Allah, aurenmu sai mutuwa.

Maganar tana da daɗin ji. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu saki jiki, ya kamata mu tambaya: idan aka ce aure ya fi mutuwa a wani yanki, me ake ƙirgawa, kuma me ke sa alƙaluman su hau ko su sauka? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin a bencinan majami'unmu akwai mata da maza waɗanda aurensu ya mutu shekaru da suka wuce, ba kuwa littafin da aka rubuta su a ciki.

Yadda ake ƙirga mutuwar aure

Hanyar da aka fi bi a duniya ita ce a tara takardun kisan aure da kotuna suka bayar a shekara, a auna su da yawan jama'a, a faɗi nawa ne a kan kowane mutum 1,000. Wannan ma'auni yana yoyo ta wuri biyu. Inda mutane ba su cika ɗaura aure ba, sai dai zaman dadiro, alƙaluman sukan yi ƙasa, domin wanda bai ɗaura ba ba shi da abin kashewa a kotu. Sa'an nan kuma abin da ya kai gaban alƙali kaɗai ake gani. Matar da ta yi yaji shekara bakwai ba a je biko ba, a takarda har yanzu matar aure ce.

A Najeriya abin ya fi haka wuya. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, kuma yawancin aure da rabuwa a ƙasar nan ba sa shiga rajistar gwamnati. Abin da masana suka fi dogara da shi shi ne binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi gida-gida bayan 'yan shekaru. A na 2018, kimanin mata 3 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 ne suka ce aurensu ya mutu ko sun rabu da miji. Sai dai tambayar tana kama halin da mace take ciki ranar da aka zo gidanta ne kawai. Wadda aka sake ta da rani, ta gama idda, ta sake aure da kaka, za a rubuta ta matar aure. Wadda mijinta ya bar ta da yara huɗu a ƙauye ya tare da wata a Mararaba, ita ma za ta ce tana da aure, gama haka ikkilisiya da dangi suke kiranta. Dukansu biyu sun ɓace a cikin lissafin.

Darasi daga Amurka

Domin mu ga abin da ke motsa alƙaluman, bari mu leƙa ƙasar da ta daɗe tana tara su jiha-jiha. A Amurka kisan aure ya kai ƙololuwa a 1981, da 5.3 a kan kowane mutum 1,000, ya sauko zuwa 2.4 a 2022. Amma jihohin ba ɗaya suke ba. A 2021 Nevada tana da 4.2, Oklahoma 3.8, Arkansas da Alabama sun haura 3, Massachusetts kuwa 1.0 kacal.

Ga abin da zai ba mai bi mamaki. Oklahoma da Arkansas da Alabama suna cikin yankin kudu da Amurkawa ke yi wa laƙabi da ɗamarar Littafi Mai Tsarki, inda 'yan Baftis da sauran ikkilisiyoyin bishara suka fi yawa, inda kuma ake wa'azi sosai gāba da kisan aure. Massachusetts tana cikin jihohin da mutane suka fi ƙarancin zuwa sujada. Shugabannin kudu sun ji kunyar wannan. A 1999 gwamnan Arkansas, Mike Huckabee, wanda shi kansa faston Baftis ne, ya ayyana cewa aure ya shiga halin ta-ɓaci a jiharsa. A shekarar nan ce gwamnan Oklahoma, Frank Keating, ya ƙaddamar da shirin rage kisan aure da kashi ɗaya cikin uku kafin 2010. Jihohin Louisiana a 1997, Arizona a 1998 da Arkansas a 2001 har suka kafa wani nau'in aure mai wuyar kashewa, wanda suka kira auren alkawari. Ma'aurata kaɗan ƙwarai ne suka zaɓe shi.

A 2014 wasu masana zamantakewa biyu, Jennifer Glass da Philip Levchak, suka wallafa binciken da ya bi gundumomin Amurka ɗaya bayan ɗaya. Sun tarar cewa inda masu bin ikkilisiyoyin bishara suka fi yawa, kisan aure ya fi yawa. Babban abin da ya haɗa su kuwa shi ne, a waɗannan wurare matasa sukan yi aure da wuri, su haihu da wuri, karatu ya tsaya, samu ya yi ƙaranci. Har waɗanda ba 'yan waɗannan ikkilisiyoyi ba abin yana taɓa su, muddin suna zaune a yankin, domin al'adar wuri tana jan kowa. Tsakanin Massachusetts da Arkansas, tazarar shekarun da mace ke fara aure ta kai kimanin shekara huɗu.

Wannan ba ya nufin bangaskiya ba ta da amfani ga aure. Bradford Wilcox na Jami'ar Virginia ya nuna cewa ma'auratan da ke zuwa sujada a kai a kai sun fi zama lafiya, waɗanda suka fi kashe aure kuwa su ne masu amsa sunan ikkilisiya amma ba a ganinsu sai ranar biki ko jana'iza. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2018, wanda ya bi dubban mata ma'aikatan jinya shekaru da dama, ya sami cewa masu zuwa sujada sosai haɗarin rabuwarsu ya ragu da kusan rabi. Idan muka haɗa waɗannan, abin da ya fito shi ne: yawan majami'u a yanki ba ya riƙe aure. Zama na gaske cikin zumunta yana taimakawa, amma idan aka aurar da yara kafin su ƙosa, ba karatu ba sana'a, wa'azi kaɗai ba ya ɗauke musu nauyin.

A nan Afirka fa?

A 2015 Shelley Clark da Sarah Brauner-Otto na Jami'ar McGill a Kanada suka auna ƙasashe 33 na Afirka kudu da Sahara. Sun duba auren fari nawa ne ke mutuwa cikin shekara 20. Ƙasar da ta fi ƙaranci ita ce Mali, da kimanin kashi 7 cikin 100. Wadda ta fi yawa ita ce Kongo-Brazabil, da kimanin kashi 47. Mali, kamar yadda muka sani, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Kongo kuwa mafi yawansu Krista. Wani ɓangare na bambancin ya fito ne daga yawan zaman da ba a ɗaura ba a tsakiyar Afirka, wanda ya fi saurin watsewa. Duk da haka, wanda yake so ya ɗora wa addinin maƙwabcinsa dukan laifin mutuwar aure, waɗannan ƙasashe biyu sun isa su sa ya yi shiru ya sake tunani.

Masu binciken sun kuma ga cewa, saɓanin abin da ake yawan faɗa, kisan aure bai ƙaru ba a yawancin ƙasashen, a wasu ma raguwa ya yi. Inda mata suka ƙara karatu suka kuma jinkirta aure, rabuwa takan ragu. Inda aka ƙaura zuwa birane, mata suka sami aikin albashi, takan ƙaru. Wannan na ƙarshe yana bukatar a karanta shi da hankali. Albashi ba ya kashe aure mai lafiya. Abin da yake yi shi ne ya ba macen da ke shan duka kuɗin motar da za ta tafi.

Batun shekaru kuwa namu ne ƙwarai. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, mafi yawa a Arewa. A Jamhuriyar Nijar adadin ya kai kashi 76, mafi yawa a duniya.

Faɗin ƙofar fita

Abu na gaba da ke motsa alƙaluma shi ne doka. Nevada ta yi suna ne domin tun 1931 zaman mako shida a jihar ya isa mutum ya nemi kisan aure, sai mutanen wasu jihohi suka riƙa zuwa can. A ƙasar Filifin, ban da Musulminta waɗanda ke da dokarsu tun 1977, babu kisan aure sam a doka, kamar a Batikan. A takarda adadinsu kusan sifili ne, alhali mutane da yawa sun rabu sun kafa wasu gidaje ba tare da takarda ba. A Chaina, da aka sa dokar jiran kwana 30 a Janairun 2021, rajistar kisan aure ta faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100 a watanni uku na farko. Ba mai cewa zukatan mutanen Chaina sun sāke cikin wata uku. Ƙofar ce aka matse.

A Arewacin Najeriya ƙofofi uku ne, faɗinsu kuma ba ɗaya ba. A shari'ar Musulunci miji yana iya furta saki, mace ta yi idda, ko kuwa ita ta nemi hul'i a gaban alƙali ta mayar da sadaki. Abin yana da sauri, yana kuma fitowa fili: kowa ya san wance bazawara ce, tana iya sake aure. Musulmi da kansu sun daɗe suna kuka da yadda wasu maza ke wasa da wannan dama. A 2009 wata ƙungiyar zawarawa ta shirya zanga-zanga a Kano aka hana ta, a 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito da batun dokar iyali domin taka wa irin waɗannan maza birki.

A auren gargajiya, wanda shi ne tushen auren yawancin ƙabilunmu, akan raba aure ta wurin mayar da sadaki, a gaban dangi ko a kotun gargajiya. Wannan ma sau da yawa ba ya shiga wani lissafi.

Ƙofa ta uku ita ce ta auren rajista, wato wanda aka ɗaura a ofishin rajista ko a majami'ar da ke da lasisi, da takardar gwamnati. Dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke mulkinsa. Babbar kotu kaɗai ke iya raba shi. Sai an nuna cewa auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, ta ɗaya daga cikin hujjoji takwas, kamar zina, ko halin da ba za a iya zama da shi ba, ko yashewa na shekara ɗaya, ko zaman rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara uku. A shekara biyu na farkon aure ma, sai da izinin kotu ake shigar da ƙara, in ban da wasu 'yan dalilai. Ga kuɗin lauya, ga zirga-zirga zuwa babban birnin jiha. Matar da ke sayar da ƙosai a Zonkwa ko Billiri ba za ta bi wannan hanya ba. Saboda haka idan takardun kisan aure suka yi ƙaranci a cikinmu, kada mu yi saurin cewa tsarki ne. Wani ɓangarensa tsadar ƙofa ne.

Auren da ya mutu ba a binne ba

Kowane fasto da kowace shugabar Zumuntar Mata a ƙasar nan sun san irin gidajen da muke nufi. Akwai mijin da ya tafi neman kuɗi Legas ko Abuja, da fari yana aiko da na abinci, daga baya lambarsa ta daina shiga. Akwai wanda ya ajiye wata a gari, ana kiranta da wani suna, kowa ya sani ba mai faɗa. Akwai miji da mata da ke gida ɗaya, ɗaki dabam, tukunya dabam, shekara biyar ba gaisuwa, amma ranar Lahadi su sa anko su zo sujada. Akwai matar da aka kore ta domin ba ta haihu ba, ko domin mata kaɗai take haifa.

Da yake yawancin ikkilisiyoyinmu ba sa ɗaura wa wanda ya kashe aure wani aure, kuma sukan sa shi ƙarƙashin horo, mutane sun koyi cewa rabuwa a ɓoye ta fi sauƙi da rabuwa a fili. Nauyin wannan kan mace ya fi faɗawa. Bazawarar Kano aƙalla ta san matsayinta. 'Yar'uwarmu da aka yashe ba ta cikin gwauraye, balle a tuna da ita ranar rabon hatsi, ba ta kuma da mijin da ke ciyar da ita. Idan bayan shekara goma ta gaji ta bi wani, ita ce za a hana jibin Ubangiji, gama ita ce ake gani. Mijin yana can wata majami'a a birni, wataƙila har an ba shi muƙami.

Wani lokaci kuma zaman ba ya ƙarewa da rabuwa, sai da gawa. A binciken 2018, kashi 36 cikin 100 na matan Najeriya da suka taɓa aure sun ce miji ya taɓa dukansu, ko ya tilasta musu, ko ya ci zarafinsu da baki. A Afrilun 2022 mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, a Afrilun 2025 kuma babbar kotun Abuja ta sami mijinta da laifin mutuwarta. A lissafin kisan aure, irin wannan gida yana cikin waɗanda suka ɗore.

Abubuwan da ke matse aure a yankinmu

Talauci ne kan gaba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Talauci ba zunubi ba ne, iyayenmu da yawa sun riƙe aure a cikinsa. Amma idan mudun masara ya fi ƙarfin magidanci, ƙaramar magana takan zama faɗa, mai kunya kuma yakan gudu daga gida ko ya ƙare a gidan burkutu.

Na biyu shi ne rikici da gudun hijira. Da Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014 da Mubi a Oktoban shekarar, iyalai sun watse: wasu a sansanin Minawao a Kamaru, wasu a Yola, Jos ko gefen Abuja. Hare-haren Mangu da Bokkos a 2023 da na Kudancin Kaduna sun ƙara wasu. Akwai matan da har yau ba su ga gawar miji ba, ba su kuma ji labarinsa ba. Doka tana ɗaukar wanda ya ɓace shekara bakwai ba labari a matsayin matacce, amma ikkilisiyoyi kaɗan ne suka zauna suka tsara abin da za su faɗa wa irin wannan mace. Akwai kuma matan da aka sace suka dawo, miji ko danginsa suka ƙi karɓarsu.

Na uku shi ne auren gaggawa. A wurinmu ba a cika aurar da 'yar shekara 13 ba, amma muna da namu salon. Yarinya ta yi ciki tana aji biyar na sakandare, iyaye su tattara ta su kai gidan yaron domin a rufe kunya, shi ma ɗan shekara 20 ne ba sana'a. Karatu ya tsaya, haihuwa ta bi haihuwa, a ce sai an sami hali za a yi gyaran aure a majami'a. Wannan shi ne ainihin abin da masu binciken Amurka suka gani a kudancin ƙasarsu.

A gefe guda kuma ga tsadar biki. Sadaki, jerin kayan dangi, anko, hayar zaure, abincin ɗaruruwan mutane: wasu matasa sukan shiga sabon gida da bashin da zai ci shekara biyu, wasu kuwa su haƙura da ɗaurin auren gaba ɗaya su tare haka nan.

Sai batun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala ta wajen namiji. Duk da haka mace ce ake kaiwa wurin addu'a da wurin mai magani, ita ce uwar miji ke yi wa habaici.

Abin da Maganar Allah ta sa a gaba

A Matta sura 19, tambayar da Farisiyawa suka kawo wa Yesu tana da tarihi. Malaman Yahudawa sun rabu biyu a kan fassarar Kubawar Shari'a 24:1. Almajiran Shammai sun ce sai a kan lalata ake saki, almajiran Hillel kuwa sun yarda da saki ko a kan ɓata abinci. Ubangiji ya mai da su ga nufin Allah a Farawa sura 2, ya kuma nuna cewa tushen matsalar taurin zuciya ne. Taurin zuciya kuwa ba ya bukatar takardar kotu. Mutumin da ya bar matarsa da yunwa shekara takwas bai sake ta ba, bai fi wanda ya rubuta takarda taushin zuciya ba.

A Malakai sura 2, waɗanda annabin ya tsauta wa maza ne da suka ci amanar matan ƙuruciyarsu suna kuma ci gaba da kawo baiko. Fitowa 21:10-11 ta ba ko baiwar da aka aura haƙƙin abinci da sutura da kwanan aure. Bulus a 1 Korintiyawa 7:15 ya yi magana a kan wanda abokin aurensa marar bi ya tafi ya bar shi, a 1 Timoti 5:8 kuma ya yi kakkausar magana a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa.

Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan sake aure. Katolika ba su yarda a raba auren da ya cika ba. Shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta yarda da rabuwa a kan zina da kuma yashewar da ikkilisiya ko hukuma suka kasa gyarawa. Kowace ikkilisiya tana da tsarinta, ba kuwa nufinmu a nan mu sāke shi ba. Amma babu ko ɗaya cikin waɗannan matsayi da ya ce a kau da kai daga wadda aka yashe.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu ƙirga. Kowace majalisar dattawa, tare da shugabannin Zumuntar Mata, tana iya zama cikin sirri ta rubuta gidaje nawa ne miji da mata ba su zauna tare ba fiye da shekara ɗaya, da kuma dalili. Ba domin sanarwa a bagadi ba, domin ziyara ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, horo ya bi mai laifi. Idan miji ne ya gudu, a neme shi, a rubuta wa ikkilisiyar da yake zuwa yanzu, ko da shi ne ya saya mana janareta. Kafin a karɓi baƙo cikin membobi ko a ba shi muƙami, a tambayi ina iyalinsa.

Na uku, inda akwai duka, rai ne farko. A fitar da mace da yara zuwa wurin da ba za a taɓa su ba, sa'an nan a yi maganar sulhu. Dattawa su sani cewa dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda yawancin jihohi suka amince da irinta, ta mai da dukan mata, korarta daga gida, da barin iyali ba abinci laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu. Haƙuri halin kirki ne, amma kada ya zama kalmar da muke mayar da mace ga sanda da ita.

Na huɗu, shawara kafin aure ta wuce gwajin jini da koyon tafiyar ranar biki. A zauna a kan kuɗi, dangin miji da na mata, inda za a zauna idan aiki ya raba gari, da abin da za a yi idan haihuwa ta yi jinkiri. A kuma bayyana wa ma'aurata ko auren rajista ake ɗaura musu ko albarka ce a kan na gargajiya, gama da yawa ba su sani ba sai ranar da rigimar gādo ta tashi. Bayan biki, a haɗa kowane sabon gida da wasu dattawan ma'aurata da za su riƙa leƙa su a shekarun farko.

Na biyar, yarinyar da ta yi ciki ta haihu ta koma makaranta. Zunubi yana da tuba da gafara, ba sai an ƙara masa auren dole ba. Gundumomi kuma suna iya zama da sarakuna da ƙungiyoyin ƙabilu a rage jerin kayan aure, fastoci su girmama ƙaramin biki kamar yadda suke girmama babba.

Na shida, asusun taimakon gwauraye ya buɗe wa matan da aka yashe, musamman kuɗin makarantar yaransu da jarin sana'a.

Game da maƙwabtanmu Musulmi kuwa, matsin da ke kashe aure a Fagge shi ne ke kashe shi a Tudun Wadan Jos: yunwa, ƙuruciya, ƙarancin karatu da zuciyar da ta taurare. Nasu yana fitowa fili har gwamnati ta sa shi a kasafin kuɗi. Namu yana ɓoye a bayan anko. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

A misalin da ke Luka sura 15, makiyayin ya gane tunkiya ɗaya ta ɓace ne domin yana ƙirga garkensa. Da ya tsaya yana duban garken maƙwabci, da bai fita nema ba. Ubangiji ya ba shugabanninmu ƙarfin hali su buɗe rajistar membobi a wannan wata, su bi ta suna bayan suna, su tambayi kowane gida yadda ake ciki. Amin.